RA'AYINMU: Majami'a, Aljihu Da Ƙuri'a

A ƙarshen damanar da ta wuce, wakilan ikilisiyoyinmu na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi sun yi wani zama wanda har yanzu 'yan'uwa ba su daina maganarsa ba. Maƙasudin zaman shi ne a san yadda za a yi da wata 'yar gudummawa da aka tara domin iyalan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, waɗanda wasunsu ke raɓe a gidajen dangi cikin gari, wasu kuwa a ɗakunan bayan majami'a. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sai da aka zauna tun daga tashi sujada har la'asar sakaliya ba a tsai da magana ɗaya ba.

Wani dattijon ikilisiya daga ECWA ya ce a raba kuɗin a matsayin jari, a rubuta sunan kowa a littafi, mai suyar ƙosai ta karɓa, mai sayar da itace ya karɓa, bayan wata shida su mayar a ba wasu. A ganinsa, in aka saba wa mutum da karɓa to an kashe masa zuciya, gobe ma hanya zai zuba wa ido. Katikis ɗin Katolika kuwa ya ce sam bai yarda ba. Ya ce wanda ya kwana da yunwa ba ya riƙe jari, cinyewa zai yi, a bar shi da bashi da kunya. Shi shawararsa a sayi gero da masara tun da kaka, a ajiye, a raba wa gwauraye da marayu idan bazara ta yi tsanani. Sa'an nan a rubuta wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu takarda ɗaya da sunan dukanmu, domin kula da wanda aka raba da gonarsa haƙƙi ne a wuyan hukuma. Dattijon ya yi murmushi, ya ce shi dai tun yana saurayi bai taɓa ganin takarda ta cika rumbu ba.

Waɗanda suka fito daga zaman suna cewa wane marowaci ne, wane kuwa ɗan maula ne, ba su yi wa bayin Allahn nan adalci ba. Mun san su duka biyu, mun kuma san abin da kowannensu ke fitarwa daga aljihunsa ba tare da an sani ba. Kowa ya yi magana ne da harshen da ikilisiyarsa ta raine shi da shi. Da yake kuma zaɓen 2027 yana tafe, ya kamata mu tsaya mu dubi inda waɗannan halaye suka samo asali, domin halin da mutum ya nuna a kan kuɗin baiko shi ne zai bi shi har rumfar zaɓe.

Gardamar ba a Dutsin-Ma ta fara ba. A shekarun 1904 da 1905 wani masani Bajamushe mai suna Maks Weba ya rubuta cewa koyarwar Furotesta, musamman ta almajiran Kalbin, ita ce ta cusa wa mutanen arewacin Turai aiki tuƙuru da tsimi da tattali, har suka ɗauki sana'a a matsayin kira daga wurin Allah, daga nan kuma jari ya taru. Maganar ta yi farin jini ƙwarai, har yau ma akwai fastocin da ke maimaita ta ba su san mai ita ba. To amma a 2009 wasu masana biyu, Becker da Woessmann, sun koma kan ƙididdigar gundumomin ƙasar Furushiya ta ƙarni na 19, suka gano cewa lallai yankunan Furotesta sun fi arziki, sai dai idan aka yi la'akari da yawan masu iya karatu da rubutu, kusan dukan bambancin yakan ɓace. Martin Luta ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya kuma matsa wa garuruwa su buɗe makarantu domin maza da mata, don kowa ya karanta Maganar Allah da kansa. Wanda ya iya karanta Littafi Mai Tsarki kuwa zai iya karanta takardar ciniki.

Mu nan ba ma bukatar zuwa Jamus kafin mu gane wannan, gama a gidajenmu ya faru. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan wahalar da Likita Miller na CMS a Zariya ya sha tare da abokan aikinsa. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka sami shiga ƙasar Katsina ta hanyar aikin jinyar kutare a Babbar Ruga, daga baya bishara ta bazu cikin gidajen Maguzawa, musamman wajen Malumfashi. Abin da tsofaffinmu ke tunawa da wancan zamani shi ne ajin karatu a gindin bishiya, inda ake so mai shirin baftisma ya iya buɗe littafi da kansa. Bugu da ƙari, 'yan mishan ɗin sun nace cewa ikilisiya ta ciyar da kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yi bishara da kanta. A kan wannan harsashi aka kafa ECWA a 1954. Saboda haka ɗan ECWA ya tashi yana ganin ana zaɓen dattawa da ƙuri'a, ana karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, ana iya miƙewa a tambayi ma'aji inda Naira ɗari biyar ta shiga, fasto kuma daga gumin membobinsa yake ci. Majami'arsu da hannunsu suka buga tubalinta. Zumuntar Mata tana da asusunta da littafinta, kuma wanda ya taɓa ganin yadda matan nan ke bin diddigin kuɗin adashinsu ya san ba a yi musu wasa.

Mutumin da aka raina haka, me zai fi so a harkar tattalin arziki? Zai fi son a ba shi hanya ya nema da kansa. Yana ƙyamar bashin da ba a rubuta ba, yana zargin duk kuɗin da ya zo daga sama, kuma abin da yake nema wurin gwamnati bai wuce tsaro da hanya da taki a kan lokaci ba, sauran a bar masa. Ta fuskar siyasa kuwa, iyayenmu da yawa an koya musu cewa siyasa kayan duniya ce, mai bi na gaskiya ba ya tsoma hannu a cikinta. Ko da yake tun farkon shekarun 1950 Fasto David Lot ya jagoranci jam'iyyar siyasa a ƙasar Filato, a nan ƙasar Hausa tsoron bai gama fita ba. Har yanzu akwai gidajen da in saurayi ya ce zai tsaya takarar kansila, sai a fara yi masa addu'a kamar wanda ya ja da baya.

Tarbiyyar Katolika ta bi wata hanya dabam. A 1891, lokacin da masana'antun Turai ke tatsar ma'aikata, Paparoma Liyo na 13 ya fitar da wasiƙar da ake kira Rerum Novarum, inda ya amince mutum yana da ikon mallakar dukiyarsa, amma ya ce tilas a biya lebura ladan da zai riƙe iyalinsa, ma'aikata suna da ikon kafa ƙungiya, hukuma kuma wajibinta ne ta kare marasa ƙarfi. A 1931 Paparoma Piyus na 11 ya ƙara da cewa abin da iyali ko unguwa za su iya yi, kada babbar hukuma ta ƙwace shi daga hannunsu, amma ta tallafa musu inda suka gaza. Wannan koyarwa ce katikis ɗin nan ya zo da ita zaman, ko da bai ambaci sunan Paparoma ko ɗaya ba.

Fada-fadan ƙungiyar Dominikan daga Amurka su ne suka karɓi aikin yankin Sakkwato a 1953, ya zama dayosis a 1964, kuma ƙasar Katsina tana ƙarƙashinsa har zuwa watan Oktoba na 2023, lokacin da Paparoma Faransis ya kafa Dayosis na Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi. Ɗan Katolika ya tashi yana ganin Fada ba zaɓensa ake yi ba, turo shi ake yi. Makaranta da asibiti da rijiya sukan zo ta hannun dayosis. Idan ƙasa ta shiga wani hali, bishop-bishop sukan taru su fitar da takarda ɗaya wadda za a karanta a kowace majami'a daga Legas har Jibiya. A zamanin mulkin Janar Abacha sun rubuta addu'a ta musamman domin Nijeriya da ke cikin ƙunci, ana yin ta a sujada a daidai lokacin da mutane da yawa ke tsoron buɗe baki. Hukumarsu ta adalci da raya ƙasa da zaman lafiya, wato JDPC, takan tura masu sa ido a rumfunan zaɓe. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ya yi kiwon Katolikan Katsina daga 2011 zuwa 2023, ya yi mamba a Kwamitin Oputa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa tare da Janar Abdulsalami Abubakar a lokacin zaɓen 2015. Wanda ya girma yana ganin haka ba zai ji nauyin rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takarda ba. A wurinsa, tuna wa mai mulki haƙƙin talaka wani sashe ne na ibada.

Mun ga wannan bambanci a fili bayan da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ya tashi, mudu ya gagari mai albashi. A majami'u da yawa na ɓangaren Furotesta wa'azin ya karkata ga haƙuri da neman sana'a ta biyu da rage kashe kuɗin biki. A ɓangaren Katolika kuwa an fi jin tambayar ina kuɗin da aka ce an tsimi suka tafi, wa kuma zai tallafi wanda ba shi da komai. Dukansu a kasuwa ɗaya suke awo, wahala ɗaya suke sha, amma tambayar da ta fara zuwa bakin kowa dabam ce.

Sai dai kada a ɗauka an ja layi ne da alli. Ƙasashen Suwidin da Denmak da Norwe 'yan Lutheran ne tun da daɗewa, amma suna cikin ƙasashen da gwamnati ta fi ɗaukar nauyin marasa lafiya da tsofaffi a duniya. Raiffeisen, wanda ya ƙirƙiro asusun ajiya da rance na manoma a Jamus a shekarun 1860, ɗan Furotesta ne. Wanda ya fara kafa irin wannan asusu a Jirapa ta arewacin Gana a 1955 kuwa Fada ne na Katolika, John McNulty, kuma abin da ya koya wa manoma shi ne ajiya da biyan bashi a kan lokaci, wato daidai abin da dattijonmu na ECWA ke faɗa. 'Yan Angalika kuma, waɗanda Dayosis ɗinsu na Katsina ya kafu a 1990, ƙafa ɗaya a nan ƙafa ɗaya a can suke: ga bishop, ga kuma majalisar da 'yan ikilisiya ke jefa ƙuri'a. Sababbin ikilisiyoyin Fentikos da suka ƙaru a Dutsin-Ma tun bayan buɗe Jami'ar Tarayya a 2011 sun zo da nasu salon, wanda ya cancanci a yi masa sharhi na dabam wata rana.

Abin da ya fi damunmu shi ne kowace tarbiyya tana da ƙofar da ɓarawo ke shiga, kuma 'yan siyasa sun fi mu sanin ƙofofin nan.

Ikilisiyar da ke ciyar da kanta, ita ce kuma ikilisiyar da za a iya saya ita kaɗai. Fasto yana wata uku bai ga cikakken albashi ba saboda membobinsa sun gudu daga gona, rufin majami'a yana yoyo, sai ga ɗan takara da bandir ɗin kwano da buhun siminti goma, ana saura mako uku zaɓe. Ba a ce masa ya yi wa kowa kamfe ba, a'a, "a dai sa mu a addu'a". Ran Lahadi sai a ji an yi godiya daga bagade, an ambaci suna sau uku, jama'a kuwa ba yara ba ne. Haka ake bin mu majami'a majami'a, kowa da farashinsa, ga shi kuma babu wanda ya tambayi ɗan takarar ko tambaya ɗaya a kan hanyar ƙauye ko tsaron gona. Abin mamaki, mutanen da ke tsare ma'ajinsu a kan Naira ɗari biyar su ne ke barin kansila ya shekara uku ba su tambaye shi lissafi ba, wai don siyasa ƙazanta ce. Wannan ba tsarki ba ne, sakaci ne, kuma muna faɗa da ƙauna.

Ɓangaren Katolika ba a cika sayensa da kwano ba, domin Fada ba shi da ikon sayar da abin da ba nasa ba, kuma dokar ikilisiyarsu ta hana firist riƙe muƙamin mulki. Shi ya sa Bishop na Gboko ya dakatar da Fada Hyacinth Alia daga hidima a 2022 sa'ad da ya shiga takarar gwamnan Binuwai. Haka kuma a 2012 zuwa 2013 Katolika sun janye jiki daga harkokin CAN na ƙasa na wani lokaci, saboda suna ganin shugabancin ƙungiyar ya matsa kusa da gwamnati fiye da kima. Wannan abin yabo ne. Amma nasu ciwon shi ne jira. An saba komai daga sama yake saukowa, don haka sai a zauna sai Fada ya ce, Fada kuma sai Bishop ya ce. Takardar bishop-bishop takan yi magana a kan Nijeriya baki ɗaya, ba za ta ambaci kwalbatin da ya karye a hanyar ƙauyenku ba, ba kuma aikinta ba ne. Mun sha ganin an karanta takarda mai zafi, an tafa, an fita, shi ke nan. Wani ɗan'uwa ma ya taɓa ce mana shi bai ga dalilin zuwa taron unguwa ba tunda Bishop ya riga ya yi magana a rediyo.

A nan ne ya kamata mu faɗi gaskiyar da ta fi duka. A Dutsin-Ma da Kurfi mu 'yan kaɗan ne, kuma idan aka zo ranar zaɓe, abin da ke zuciyar ɗan ECWA da ɗan Katolika kusan ɗaya ne: ko za a iya noma gonar nesa bana, ko za a sami filin majami'a da na maƙabarta da takarda, ko za a ɗauki malaman da za su koya wa 'ya'yanmu addinin Kirista a makarantun gwamnati, ko ɗan Bamaguje zai sami takardar shaidar ɗan ƙasa ba tare da an tambaye shi daga ina ya zo ba. Ɗan bindiga ba ya tambayar ɗariƙa. Hasali ma ba ya tambayar addini: lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a watan Satumba na 2021, har da Dutsin-Ma da Kurfi, mu da maƙwabtanmu Musulmi tare muka riƙa hawa mota muna neman inda za mu kira 'yan'uwa. Yawancin bukatunmu nasu ne su ma, kuma takardar da ta nemi a gyara hanya ko a tsare kasuwa za ta fi nauyi in da hannun mai unguwa da liman a kanta. Ƙasar Kurfi ce fa ta ba Nijeriya sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen 1979, Alhaji Amadu Kurfi. Ba mutanen da za a koya wa darajar ƙuri'a ba ne muke zaune da su.

A kan gardamar da aka yi, ra'ayinmu shi ne katikis ya fi gaskiya a kan hatsi da takarda, dattijo kuma ya fi gaskiya a kan littafi. Ba a ba mai jin yunwa rance. Amma hatsin da ba a rubuta shigarsa da fitarsa ba, kafin bazara zai zama abin gaba tsakanin 'yan'uwa. Ikilisiyar farko ma ta gamu da gunaguni a kan rabon abincin gwauraye, kamar yadda sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta nuna, kuma maganin da aka yi shi ne jama'a suka zaɓi mutum bakwai, manzanni suka ɗora musu hannu. Zaɓe daga ƙasa, tabbatarwa daga sama. Kowane ɓangarenmu ya riƙe rabin wannan tsari yana ganin shi ne duka.

Saboda haka muna kira ga shugabannin CAN na ƙananan hukumomin biyu, da 'yan'uwa na Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, su mai da wannan gudummawa ta zama rumbun tsimi na dindindin, wanda za a riƙa zuba masa da kaka, da ma'aji daga wani ɓangare da sakatare daga wani, mata kuma su kasance cikin masu riƙe mabuɗi, a karanta lissafinsa a kowace majami'a sau biyu a shekara. Idan ya yi ƙarfi, sai a ware wani kaso domin jari ga waɗanda suka riga suka farfaɗo. Muna kuma roƙon fastoci da Fada-fada su yi alkawari a tsakaninsu tun yanzu, kafin guguwa ta taso, cewa duk kyautar da ɗan takara ya kawo daga yau har a gama zaɓe, ko dai a mayar masa ko a sanar da ita a gaban jama'a a zuba ta cikin rumbun, kuma ba za a ambaci sunan kowa daga bagade ba. Wanda ke son ƙuri'armu ya zo zaure ɗaya ya same mu duka, mu yi masa tambayoyin da muka rubuta, mu ajiye amsarsa a littafi kamar yadda muke ajiye na ma'aji. Matasanmu da ke da sha'awar tsayawa kansila kuwa a daina kallonsu kamar ɓatattu.

An dai sayi hatsin daga ƙarshe, an kuma buɗe masa littafi, mun gode wa Ubangiji. Takardar ce har yanzu ba ta bar aljihun sakatare ba. An rubuta ta, an gyara, kowa ya yarda da abin da ke ciki, amma an kasa daidaitawa a kan sunan wanda zai fara sa hannu, wasu kuma suna jiran izini daga Katsina. Iyalan da aka rubuta ta dominsu suna nan a ɗakunan bayan majami'a. Muna ba da shawara a jera sunayen bisa tsarin abacada, kowa ya sa hannu, a kai ta sakatariya kafin zama na gaba.